Ɗaukar kwatabak a sahun farko na diraf ɗin NFL: ina ake samun matsala?

Bagobiri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so masu sani su warware mini wannan. Diraf shi ne zaɓen da ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke yi duk shekara suna ɗaukar sababbin 'yan wasa daga kwaleji bi da bi, zagaye bayan zagaye. Kwatabak kuwa shi ne mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari. A diraf ɗin 2021 kwatabak biyar aka ɗauka cikin gurabe 15 na farko: Trevor Lawrence na 1 zuwa Jacksonville, Zach Wilson na 2 zuwa Jets, Trey Lance na 3 zuwa San Francisco, Justin Fields na 11 zuwa Chicago, Mac Jones na 15 zuwa New England. Kafin a buɗe kakar 2024 huɗu daga ciki sun bar inda aka ɗauke su. Dallas ta karɓi Lance a kan gurbin zagaye na huɗu, Fields da Jones kowanne ya tafi a kan gurbin zagaye na shida, Wilson ya koma Denver. Mutanen nan suna da masu bibiyar 'yan wasa a kowace jiha, suna da bidiyon duk jifan da yaro ya yi, suna da likitoci. Yaran ne ba su iya ba, ko masu ɗaukar ne?

Malam Tsoho: Wa alaikumus salam. Fara da tsarin kansa tukuna. A NFL ba a faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni kamar a Firimiya. Ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa a kakar da ta wuce ita ake ba gurbi na 1, wadda ta ci Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, ita ce ta 32. Ke nan yaron da aka fi yabawa a kwaleji, gidan da ya fi kowanne rugujewa yake faɗawa. Ƙungiya kuwa ba ta cin wasa biyu ko uku kacal cikin 17 saboda rashin kwatabak kaɗai. Yawanci mutum biyar ɗin nan na layin gaba masu tsaronsa ba su da ƙarfi, masu cafke jifa ba sa iya zille wa mai gadinsu.

David Carr, na 1 a 2002, ya je Houston lokacin tana sabuwar ƙungiya, sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu a kakarsa ta farko, cikin wasa 16. Tim Couch a Cleveland a 1999, sau 56. Bryce Young a Carolina a 2023, sau 62. Caleb Williams a Chicago a 2024, sau 68.

Abin da dukan ke yi wa yaro shi ne abin lura. Daga lokacin da ɗan tsakiya ya miƙo masa ƙwallo yana da kamar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku. Ya kamata idonsa yana can gaba yana bin masu cafkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafarsa ta baya a kafe, nauyinsa yana komawa gaba yayin jifa. In ya sha kaye sau talatin, idon sai ya sauko kan masu kawo masa hari. Zai fara jifa yana ja da baya, ƙwallo ta riƙa tashi sama ta wuce kan mai cafkewa ta faɗa hannun mai tsaron baya. Zai fara gudu daga wurin da babu wanda ya taɓa shi, ya faɗa hannun wanda da ma bai iso ba. Waɗannan ɗabi'u in sun kama jiki da wuyar fita, ko da an gyara masa layin daga baya.

Ɗan Damagaram: Malam, na yarda da wannan, amma kayen nan ba duka laifin layi ba ne. Kwatabak da ke riƙe ƙwallo yana jiran babban jifa shi yake jawo wa kansa rabin dukan. Peyton Manning ma gidan da ya lalace ya faɗa a 1998, wasa 3 suka ci aka ci su 13, abokan hamayya sun cafke masa jifa 28 a shekarar, amma ba a yawan kayar da shi don yana sakin ƙwallo da wuri. Shekara ta biyu suka juya lissafin, 13 da 3.

Malam Tsoho: Haka ne. Shi ya sa masu kallon bidiyon kwaleji suke duba abu guda musamman: in an matsa wa yaro, sau nawa abin ke ƙarewa da kaye, sau nawa yake jefar da ƙwallo waje ko ya ba na kusa. Wannan halin yana biyo ɗan wasa daga kwaleji fiye da yadda yawan tacdawun, wato kai ƙwallo yankin cin maki, ke biyo shi.

Maman Walid: Bari in kawo ɓangaren kuɗi, don mutane da yawa har yanzu da tsohon lissafi suke magana. Kafin 2011 sabon ɗan wasa ciniki yake yi da ƙungiya kai tsaye. JaMarcus Russell, na 1 a 2007, ya ƙi zuwa sansanin horo har sai da aka fara kaka, Raiders suka lamunce masa kusan dala miliyan 32, suka sallame shi bayan kaka uku, wasa 7 ya ci cikin 25 da ya fara. Sam Bradford a 2010 ya sa hannu a kan miliyan 78 na shekara shida, miliyan 50 na tabbas, bai taɓa jifa ko ɗaya a NFL ba. Sai yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade albashin sababbi gwargwadon gurbinsu. Cam Newton, na 1 a shekarar, kusan miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Shekara ɗaya tsakaninsa da Bradford.

Tsarin yanzu: duk wanda aka ɗauka a diraf kwantiragin shekara huɗu ne. 'Yan zagayen farko ƙungiya na da damar ƙara shekara ta biyar, kuma dole ta yanke shawara a farkon watan Mayu bayan kaka ta uku. Tun yarjejeniyar 2020, in ta ce ta ƙara, kuɗin ya zama na tabbas nan take. Ba a kuma iya sabunta kwantiragi sai an gama kaka ta uku.

Ɗan Damagaram: To Hajiya, ai kin ƙarfafa mini gwiwa. A 2024 iyakar albashin da aka yarda kowace ƙungiya ta kashe dala miliyan 255.4 ne. Caleb Williams kusan miliyan 39 da rabi a shekara huɗu, wato bai kai goma a shekara ba. Dak Prescott a wannan shekarar ya sa hannu a kan miliyan 60 a shekara. Ratar miliyan 50 ke nan duk shekara, wadda za ta ɗauko maka gwanin layin gaba, da gwanin cafke jifa, har da canji. In yaron ya yi kyau kana da shekara huɗu na arha, in bai yi ba asarar ba ta kai ta da ba. Ni a ganina wanda bai ɗauka ba shi ne ke cikin haɗari.

Maman Walid: In gurbin naka ne, ka zauna a wurinka ya zo maka, ban da ja. Inda ake ƙonewa shi ne hawa sama. Akwai tsohon jadawalin darajar gurabe da ake dangantawa da Jimmy Johnson, tsohon kocin Dallas, wanda har yanzu ake fara ciniki da shi: gurbi na 1 maki 3,000, na 2 maki 2,600, na 3 maki 2,200, na 12 maki 1,200, na 32 maki 590. Gurbin baɗi kuma a al'ada ana rage masa daraja kamar zagaye guda. In kuma kowa ya san kwatabak kake nema, sai a ɗora maka ƙari a kan jadawalin.

San Francisco ta tashi daga 12 zuwa 3 saboda Lance: ta ba Miami na 12 ɗin, da zagayen farko na 2022, da na 2023, da zagaye na uku guda. Wasa huɗu ya fara musu. Sun tsira ne don sauran ƙungiyar tana da ƙarfi, guraben da suka bayar suka faɗo can ƙarshen zagaye, kuma Brock Purdy da suka ɗauka a gurbi na 262, na ƙarshe a diraf ɗin 2022, ya kai su Super Bowl. Wannan sa'a ce, ba dabara ba.

Dubi waɗanda ba su da wannan sa'ar. Washington a 2012 ta ba Rams zagayen farko uku da na biyu guda saboda Robert Griffin III. Ya haskaka a kakar farko, ya ji ciwo a gwiwa a wasan fitar da gwani na bayan kaka da Seattle a Janairun 2013, kaka ta gaba suka ci wasa 3 kacal, gurbinsu na 2014 ya zama na 2 kuma yana hannun Rams. Carolina a 2023 ta ba Chicago gurbi na 9, da na 61, da zagayen farko na 2024, da na biyu na 2025, da DJ Moore, wanda shi ne gwaninsu na cafke jifa. Suka ɗauki Young, suka ci wasa 2 aka ci su 15, gurbin da suka bayar ya zama na 1, Chicago ta ɗauki Williams da shi. Lura da yadda abin yake cin kansa: kayan da za ka gyara wa yaron gida da su, su ne ka biya ka saye shi.

Baban Ihsan: Duk kun yi magana a kan gidan da yaro zai je. Ni bari in koma tambayar Bagobiri ta asali, me ya sa bidiyon kwaleji yake yaudarar ƙwararru. Wasan ba iri ɗaya ba ne, tun daga zanen fili.

Faɗin fili ƙafa 160 ne a duka biyun. Amma layukan nan biyu na tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kai, a kwaleji ƙafa 40 ne tsakaninsu, a NFL ƙafa 18 da inci 6. A kwaleji in ƙwallo tana kan layin hagu, akwai fili ƙafa 100 zuwa iyakar dama. Dole masu tsaro su karkata can, kwatabak yana ganin inda suka sa gaba tun kafin a fara. A NFL ƙwallo kusan kullum tana tsakiya, masu tsaro suna tsayawa daidai wa daida, su ɓoye niyyarsu. Za ka ga masu tsaron baya biyu a can nesa, ana miƙo ƙwallo ɗaya ya sauko ɗaya ya koma tsakiya, abin da yaron ya karanta daƙiƙa ɗaya da ta wuce ya zama ƙarya.

Sai wasan nan da kwatabak ke sa ƙwallo a cikin mai gudu yana kallon mai tsaro guda, in ya matso ya zare ya jefa, in bai matso ba ya bar masa. A kwaleji 'yan layin gaba suna iya shiga gaba har yadi uku a lokacin jifa, a NFL yadi ɗaya. Yaro zai tara alƙaluma masu kyau da wannan, karatun mutum ɗaya kawai yake yi. A NFL za a ce ya bi na farko, na biyu, na uku, ya dawo kan na kusa, duk cikin daƙiƙa uku.

Kafin 2024 ma manyan kwalejoji ba su da rediyo a cikin hular kwano. Da alluna da hannu ake ba da umarni daga gefe, 'yan wasa su jeru, su waiwayi koci, shi ya duba masu tsaro ya canza musu wasa. Wato kocin ne ke karatun. A NFL akwai rediyo, amma ana yanke ta in saura daƙiƙa 15 a agogon daƙiƙa 40. Daga nan yaro shi kaɗai ne: ya faɗi dogon sunan wasa a cikin taro ba tare da kuskure ba, ya nuna mai tsaron tsakiya da za a fara ƙidaya daga kansa, ya daidaita da ɗan tsakiya wa zai tare wa, ya gane in an turo mutum shida alhali masu tare masa biyar ne, ya san wa zai jefa wa nan take. Babu bidiyon kwalejin da zai nuna maka ya iya abin da ba a taɓa sa shi ba.

Bagobiri: To gwaje-gwajen da ake yi wa yaran a Indianapolis kafin diraf fa, da ranar da kwaleji ke shirya wa yaranta? Ba don haka ake yin su ba?

Baban Ihsan: Indianapolis amfaninta na gaske binciken likita ne da ganawa, su sa yaro a gaban allo ya zana wasa ya bayyana. Jifan da ake nunawa a talabijin kuwa, gajeren wando ne, babu mai kawo hari, an tsara komai tun da wuri. Ƙarfin hannu yake nunawa, wanda da ma an sani. Anthony Richardson ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.43 da nauyin fam 244, Colts suka ɗauke shi na 4 a 2023, alhali wasa 13 kawai ya fara a Florida. A 2024 jifansa da ke isa hannu bai kai rabi ba. Mitchell Trubisky shi ma 13 ya fara a North Carolina, Chicago ta hau daga 3 zuwa 2 ta ɗauke shi a 2017, Patrick Mahomes yana nan har na 10. Lance jifa 318 ya yi a duk zamansa na kwaleji, kuma a rukuni na biyu, a 2020 wasa ɗaya ya buga. Akwai ƙa'idojin ɗaukar kwatabak daga kwaleji da ake dangantawa da tsohon koci Bill Parcells: ya fara wasa 30, ya ci 23, kashi 60 na jifansa ya isa, tacdawun biyu a kan kowane jifa ɗaya da abokan hamayya suka cafke. Ba wahayi ba ne, amma abin da ke bayansu daidai ne. In ba ka ga yaro sau da yawa ba, hasashe kake saya.

Ɗan Damagaram: Da wannan ƙa'idar da Buffalo ba ta ɗauki Josh Allen ba. Kashi 56 yake isarwa a Wyoming, a kakarsa ta farko a 2018 bai kai 53 ba. A 2020 ya kai 69.

Baban Ihsan: Gaskiya ne, kuma Allen ya jawo wa ƙungiyoyi da yawa asara, don kowa na ganin zai maimaita. Duba abin da ya samu: babban koci ɗaya, janar manaja ɗaya, mai tsara hari ɗaya, Brian Daboll, shekara huɗu a jere. Suka sake gina layin gaba a 2019, suka ɗauko masa Stefon Diggs a 2020, shi kuma ya gyara tsayuwarsa da jujjuyawar ƙugunsa. Ƙungiya nawa ce mai gurbi a goman farko za ta iya ba yaro wannan natsuwar?

Malam Tsoho: Nan ne nake ganin babban ciwon yake, kuma ba a cika faɗa ba. Kocin da ya sha kaye shekara biyu yana neman abin da zai tsawaita masa zama, sai a ɗauko kwatabak. Yaro na buƙatar shekara biyu zuwa uku, koci yana da wata huɗu. Chicago sau uku ta yi wannan: John Fox an kore shi bayan kakar farko ta Trubisky, Matt Nagy bayan ta Fields, Matt Eberflus a tsakiyar ta Williams, bayan an riga an sallami mai tsara harin a wasa na tara. Frank Reich wasa 11 ya yi da Young. Urban Meyer 13 da Lawrence. Baker Mayfield ya ga manyan kociyoyi huɗu a kaka uku na farko a Cleveland. Alex Smith, na 1 a 2005, sabon mai tsara hari ya samu a kowace ɗaya daga shekarunsa biyar na farko.

Canza mai tsara hari ba ƙaramin abu ba ne. Sunayen wasanni sun canza, ƙa'idar tare hari ta canza, yawan takun da zai yi baya kafin jifa da lokacin da mai cafkewa zai juyo duk sun canza. Watannin da ya kamata ya yi yana gyara kurakuransa sai ya yi su yana hadda. Sabon kocin kuma ba shi ya zaɓe shi ba, ba ya jin nauyinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: koci da layi ake fara tanada, sannan yaro. Mayfield ya je Tampa Bay ya farfaɗo, Sam Darnold da Jets suka ɗauka na 3 a 2018 ya ci wasa 14 da Minnesota a 2024, da tacdawun 35. Masu ɗaukar ba su yi kuskuren gani ba gaba ɗaya, wasu ne dai suka ci moriyar.

Bagobiri: Me zai hana a jira zagayen baya ke nan? Tom Brady na 199 ne, Russell Wilson na 75, Prescott na 135, Jalen Hurts na 53.

Maman Walid: Ka ƙirga waɗanda ka tuna ne kawai. Duk shekara ana ɗaukar kwatabak da dama daga zagaye na uku zuwa na bakwai, akasarinsu ba sa fara wasa goma a rayuwarsu. New England da kanta da ta san abin da Brady zai zama ba za ta bari a ɗauki kwatabak shida kafin shi ba. Abin da ke da ma'ana shi ne ka riƙa jefa ƙaramin gurbi a kai a kai ko kana da naka. Washington ta ɗauki Kirk Cousins a zagaye na huɗu a shekarar da ta ɗauki Griffin, mutane suka yi ta surutu, shi ne ya gaji wurin.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro ma ba wanda ya faɗi warwas ba ne. Wannan ka gane da wuri. Arizona ta ɗauki Josh Rosen na 10 a 2018, shekara ɗaya ta tura shi Miami ta ɗauki Kyler Murray. Matsakaicin ne ke kashe ƙungiya. Daniel Jones, na 6 a 2019: Giants suka ƙi ƙara masa shekara ta biyar, ya yi kaka ɗaya mai kyau a 2022, suka ba shi miliyan 160 na shekara huɗu a Maris 2023, suka sake shi a Nuwamba 2024. Carson Wentz ya samu ƙarin miliyan 128 a 2019, da Philadelphia ta tura shi Colts a 2021 kusan miliyan 34 suka ci gaba da cin lissafinta a kan wanda ba ya nan. Rams sai da suka haɗa Jared Goff da zagayen farko biyu da na uku guda kafin su karɓi Matthew Stafford. Matsakaici yana ci maka wasa bakwai ko takwas, wanda ya isa ya fitar da kai daga goman farko, ba ka da gurbin ɗauko wanda ya fi shi.

Ɗan Damagaram: Saura batun zaunar da yaro. Mahomes wasa ɗaya ya fara a 2017 yana bayan Alex Smith, shekara ta gaba tacdawun 50. A Green Bay, Aaron Rodgers shekara uku a bayan Brett Favre, Jordan Love uku a bayan Rodgers. Amma C.J. Stroud da Jayden Daniels tun ranar farko aka sa su, kuma na 2 aka ɗauki kowannensu, gidajen da suka lalace. Daniels har wasan ƙarshe na NFC, wanda daga shi sai Super Bowl, ya kai Washington.

Baban Ihsan: Waɗanda suka zauna ɗin duk ƙungiyoyi masu cin wasa ne suka ɗauke su, akwai gwani a gabansu, babu mai matsa wa koci. Mai gurbi na 2 ba shi da wannan. Kuma zaman benci ba makaranta ba ce kamar yadda ake zato. Da zarar an shiga kaka, kusan duk atisayen mako na wanda zai fara wasa ne, na biyu aikinsa kwaikwayon kwatabak ɗin abokan hamayya don masu tsaro su yi shiri. Wasannin gwaji uku ne kawai tun 2021. Abin da yake samu a ɗakin bidiyo ne. Daniels kuwa kar a manta shekara biyar ya yi yana fara wasa a Arizona State da LSU, kuma Kliff Kingsbury, mai tsara harin Washington a lokacin, ya gina masa hari mai sauri irin wanda ya saba, ba a ce ya zama wani mutum cikin wata huɗu ba.

Maman Walid: Kuma kowace shekarar benci tana cinye ɗaya daga huɗun nan na arha da Ɗan Damagaram yake ƙirgawa. Love ya fara wasa ɗaya tak kafin lokacin shawarar shekara ta biyar ya zo, Green Bay sai gajeren kwantiragi na shekara ɗaya suka ƙulla a madadinta. Atlanta ta ba Cousins miliyan 180 na shekara huɗu a Maris 2024, miliyan 100 na tabbas, a Afrilu ta ɗauki Michael Penix na 8 don ya zauna ya koya. Kafin Disamba ta ƙare Penix ne a fili, Cousins a benci da albashinsa cikakke.

Ɗan Damagaram: Wannan kam ban da abin kare su. Amma Denver ta ɗauki Bo Nix na 12 a diraf ɗin nan ɗin, shi ne kwatabak na shida da aka kira a daren, bayan ya fara wasa 61 a kwaleji, ba su ba da gurbi ko ɗaya don hawa ba, kuma sun shiga wasannin fitar da gwani na bayan kaka a kakarsa ta farko. Baban Ihsan, ka duba mana bidiyonsa na kwalejin Oregon ka gaya mana nawa ne karatunsa, nawa ne na Sean Payton, kocin da ya ɗauke shi a Denver.